Saƙa Biyu

Yatsu shida gare shi a hannun dama,
shi ya sa ake ce masa Cindo.
Na shidan, in ji shi, na zuma ne,
shi ke fara dangwalawa
kafin bakin kowa ya lasa.

A Ɗorayi, tun ɗorayin na tsaye,
tun ba a yanka gonaki an kafa musu lamba ba,
yakan saƙa amya da gamba,
ya yaɓe ta da kashin shanu,
ya turara cikinta kwana uku,
ya toshe bakinta da sakaina mai huda.
Sai ya ɗaura igiya a ƙugu ya hau.
Ni ina gindi, riƙe da takalmansa.

"Ba a kiran zuma, Ilu.
Ɗaki ake share mata, a kau da kai.
In ta ga dama ta tare."

Daren ɗiba babu farin wata.
Yakan tuɓe riga tukuna,
don wadda ta faɗa riga ba ta fita salin-alin.
Bakin wuta a hagu, wuƙa a haƙori,
sai in ji rugugi can sama kamar hadari na nesa,
sai ƙwarya ta sauko a igiya
tana ɗiga mini a goshi.
Bai taɓa yashe amya ba.
Saƙa biyu yake bari:
"Wanda ya share rumbun mai noma,
baɗi shi zai riƙe fartanya."

Da safe sai Kurmi.
Zumar ta masu magani ce da masu jego,
kakin kuma dukawa su saya su murje zare.

Yanzu gidan mai ne a gurbin ɗorawar.
Ni kuwa waya nake gyarawa a Fam Senta,
in na ga kwalabe a bakin titi
cike da dafaffen sukari
sai in ƙara sauri.

Ran wata Laraba ladan Mati ya buga mini ƙofa.
Zuma ta tare a lasifikar masallaci,
kiran asuba na fita da gurnani.
Yara sun kawo fiya-fiya,
wani ya ce fetur ya fi sauri.
Na ce ku ba ni zuwa isha'i.

Ba gamba a Gwale, ba kashin shanu.
Kwalin ƙwai na kunna,
na ari tsani wajen mai fenti,
na tuɓe riga a gaban jama'a, ɗan shekara arba'in da huɗu,
suna ta dariya.
Harbi bakwai na sha, ɗaya a fatar ido.
Da ido guda na gano uwar,
doguwa, tana ratsa 'ya'yanta ba gaggawa.
Na sa ta a akwatin da Jatau kafinta ya harhaɗa,
sauran suka biyo ta
ba wanda ya ce musu ku zo.

Suna saman soronmu yanzu, bayan tankin ruwa.
Da hantsi sukan tsallake ganuwa,
su nufi darbejiyar maƙabarta a Goron Dutse
inda tsohon yake kwance,
su biya ta baron mai rake a hanyar dawowa.
Maƙwabciya ta kawo ƙara sau biyu,
na aika mata da ƙaramar kwalba,
ta daina.

Zumar birni tana da ɗan ɗaci can ƙarshen harshe.
Iya Tabawa ta lasa, ta daɗe tana tauna bakinta,
ta ce, "Ta Cindo ta fi."
Ban yi musu ba.

Yatsuna biyar ne.
Na dangwala da ƙaramin,
na bar musu saƙa biyu,
na mayar da murfi
kafin hayaƙin ya mutu.