Ganye Ɗaya

A kasuwar Shuwarin na tsince shi,
cikin tiren mai kayan gwanjo,
tsakanin makullan da suka rasa kwaɗonsu
da wani agogo da ya daina numfashi:
ɗan ƙarfe mai baki irin na kunkuru.
Ki sa masa takarda, ki danna,
ƙyas! ya tofo miki ganye ɗaya
wanda bai fi farcen babban yatsa ba.
Mai tiren ya ce shi ma bai san aikinsa ba.
Na ba shi rabin kuɗin motata,
na ƙarasa gida a ƙafa.

Ganye kawai ya iya.
Ba fure, ba tauraro, ba jinjirin wata.
Inna Tabawa ta taɓe baki:
"Mai waƙa ɗaya ba ya daɗewa a dandali."

Ban tanka ba.
Na jiƙa ƙaro a murfin kwalba,
na tara kwalin shayi, kalandar bara,
takardar siminti da na kakkaɓe,
da ɓawon magi mai ruwan zinare.

Ganye a kwance, da ɗigon biro a goshi,
ya zama karfasa.
Bakwai na jera a katin sunan ɗan Cindo masunci,
ƙaramar tana bin bayan uwarta.
Ganye ja a tsaye bisa baƙin layi,
harshen aci-balbal kenan.
Farare biyu, gindi da gindi,
balbela ta tashi daga bayan sa.
In na tsaga shi a tsakiya, kwalekwale.
Takwas a zagaye, furen kabewa,
wannan 'yan mata ke so.
Wata ta biya ni naira hamsin,
wata ta kawo ƙwan zabo uku a gefen gyale,
ɗaya ma a fashe.

Sai Sallah ta matso, na tuna da Kaka Nomau.
Damina uku kenan yana ta rufe masa ido.
Me ja da kore za su gaya masa?

Na ɗora ganye kan ganye,
biyar-biyar, har suka yi tudu,
na danne da ɗan dutsen niƙa suka kwana.
Na jera su kunya-kunya, gero ya yi kai,
na tsayar da gawon nan na bakin iyaka
da tsinken tsintsiya,
na cika masa rassa taf.

Ya karɓa da hannu biyu.
Yatsansa ya shiga gona ta gabas, yadda ya saba,
yana tafe yana ƙirga.
"Kunyar nan ta karkace.
Barau ne ya yi huɗar?"
Ya kai ga iyaka, ya tsaya cak.
"Ke 'yar ɓarna! Gero a tsaye, gawo da ganye?
A wace ƙasar?
Gawo ai tsirara yake yin damina."

Kunya ta kama ni.
Na zauna a gefen buzunsa
ina ɓanɓare su da farce, ɗaya-ɗaya,
yana dariya har da tari.

Da dare na ɗauko ragowar takardar,
wadda aka cire wa ganyen, duk huji,
da niyyar hura wuta.
Na ɗaga ta kenan gaban tocilan,
sai ganyen haske suka zubo,
a bango, a hularsa, a farin gemunsa.

Ya juyo a hankali.
"Wani abu na gilmawa."
Na girgiza takardar kaɗan.
Na ce, "Ganyen gawonka ne, Kaka, sun dawo."

Ya yi shiru, ya daɗe.
Sannan ya lalubi sandarsa.
"To rani ya yi kenan.
Gobe a ce wa Barau ya leƙa albasa."