Littafi na Biyu, a Tsakiyar Tudu

A Valparaíso, inda gidaje ke hawa kan juna
kamar awaki a jikin dutse,
ni ne mai kula da keken tudu:
akwatin katako biyu, igiyar ƙarfe ɗaya,
wannan na hawa, wancan na sauka.
Shekara talatin da ɗaya ke nan.
Sunana Eulalio. Gwiwata ta hagu
ta riga rediyo sanin ranar ruwa.

Jikata Ximena ce ta ajiye min shi kusa da birki,
bangonsa ya naɗe, da tabon shayi a shafi na tara.
Ta ce, "Kaka, wannan ne na biyu.
Kada ka yi fushi da shi. Ya fi na farko ɗaci."

Na farkon kwana shida na yi na cinye shi.
Tamsirel, yaron maƙera,
ya hau hasumiya ya fasa ƙararrawar azzalumin sarki.
Gari ya ɗauki guɗa, ni ma na buga ƙafa a ƙasa
har wata mai kwandon kifi ta zaci igiya ce ta tsinke.

To, ga na biyu.
Ashe ƙararrawar nan ita ke riƙe da teku.
Kowace asuba amonta ke ce wa ruwa: iyakarka nan.
Yanzu babu mai faɗa masa.
Ya ci kasuwa, ya ci unguwar masaƙa,
ya shiga ɗakin da uwar yaron ke ajiye gishiri.
Waɗanda suka ɗaga shi a kafaɗa jiya
yau suna tofar da yawu a inuwarsa.

A guntu-guntu nake karatun.
Layi huɗu, sai a buga ƙofa.
Ɗalibai, matuƙan jirgin ruwa, Doña Herminia da karenta mai tari.
In saki birki, in ɗaga ido,
in ga akwatunan sun haɗu a tsakiyar tudu,
na ƙiftawar ido,
babu wanda ya iso, babu wanda yake inda ya baro.
Nan littafin nan yake zaune.
Ba shi da zumuɗin fari, ba shi da hutun ƙarshe,
tafiya ce kawai, da ƙafa mai kumburi.

A shafi na ɗari biyu da sha ɗaya
aka kashe tsohuwa mai kwalekwale,
wadda na fi so, mai zagi kamar marigayiya matata.
Ba a yi mata ko sallama ba. Rabin layi.
Na rufe littafin, na sa shi ƙarƙashin kwanon abincina,
kwana biyu ba mu yi magana ba.
Ran na uku ni na fara ba da haƙuri.

Jiya da dare na kai ƙarshe, in ƙarshe ne.
Yaron na tsaye cikin ruwa har ƙirji,
gutsuren tagulla a tafinsa,
yana neman wuta a garin da komai ya jiƙe.
Sai farar takarda.
Na juya, na sake juyawa. Fara fat.

Ximena ta ce na ukun sai nan da shekara biyu,
wataƙila uku, marubuciyar ba ta da gaggawa.
Ita shekararta sha shida, tana da uku na kyauta.
Ni likita ya saurari ƙirjina a watan jiya
ya daɗe bai ce komai ba.

Ban gaya mata ba.
Amma yau da asuba, kafin fasinjan farko,
na leƙa ƙasa, tekunmu na kwance inda ya saba,
jirage na barci a bayansa.
Na kama igiyar 'yar ƙararrawar tashi,
babu kowa a akwati, babu dalili,
na buga sau ɗaya.

Ko da yana saurare.