Ƙarƙashin Sirdi

Shekara shida Gunya na ɗaukar yara a Ƙofar Gamji,
ko kunne bai taɓa kwantarwa ba.
Ran Lahadi ya yi tutsu, ya watsar da ɗan mutane.

Ɗanjummai mai kifi ya ce iskokin bakin kogi ne.
Innata ta ce kambun baka.
Na rage dawa, na ƙara kanwa,
na leƙa haƙora, na ɗaga kofato huɗu.
Da na gaji na sa bulala.

Daren Laraba, da fitilar waya,
na shafa gadon bayansa, fatar ta yi rawa.
Na kife sirdin:
tsinin ƙusa,
wadda na buga da hannuna
don kada in biya baduku.

Ya juyo yana shinshinar aljihuna.