Basilla da Allura

Shekara talatin ina huda fata a Birni,
fatar akuya, ja da baƙa, basilla ta san hannuna.
Yau fatar da nake hudawa tawa ce:
ɗan yatsa da asuba, jini kamar ƙwayar gero,
na'ura ta lasa, ta yi jim, ta faɗi lamba.

Ƙishirwa ce ta fara kawo saƙo.
Na zargi rana, na zargi famfon Damagaram mai rowa,
sai tururuwa suka yi taro a makewayi,
suka tona asirin jikina.

A babban asibiti likita Zuwaira ta ce, Cire takalmi.
Ta bi tafin ƙafata da siririn zare: Ka ji?
Nan na ji. Can ban ji ba.
Ta ce, Baduku, ɗinka wa kanka mai faɗi, mai taushi,
ba ƙusa ko ɗaya,
kada ka taka ƙasa sai da shi.

Wuta ba ta da alkawari,
don haka kwalbar insulin a tulu take kwana,
bisa jiƙaƙƙen yashi, kamar baƙuwa mai daraja.

Shayi ba sukari ɗaci ne, ba na ɓoyewa.
Fura ludayi uku, zogale cike da akushi,
dabino biyu a aljihu
don ranar da hannu zai kama rawa, gumi ya keto.

Jiya lamba ta sauko.
Ban gaya wa kowa ba.
Na shimfiɗa sabuwar fata, na auna ƙafata.