Kiran Dare a Bompai

Sai bayan isha'i layi ke sakin jiki,
Bompai ta yi tsit,
maigadi Ɗanbala na hura gawayin shayi.

Na juya lambobi da yatsa.
Ga shi nan: kukan gyare, tari, shaƙuwa,
sai dogon tsaki, kamar maƙeri ya tsoma ƙarfe a ruwa.
Baƙin gilashi ya ce, wane ne kai?

Na ba shi suna. Na ba shi kalmar sirri,
sunan akuyar Inna da ta mutu shekarar fari.
Ya buɗe.

Fata dubu uku, jar akuya, ga farashi.
Injiniya Sa'adu ya ce saƙo ba ya tafiya a dunƙule,
ƙulli-ƙulli ake yinsa kamar gishirin talla,
kowanne da hanyarsa,
su haɗu a garin da ban taɓa gani ba.
Kakana wata uku yake yi a bayan raƙumi.

Haruffa na ɗigowa ɗaya-ɗaya, kore shar,
minti na cin kuɗi.
"An karɓ..."
Nepa ta ɗauke wuta.

Na zauna a duhu da warin jima,
ban san ƙulli nawa suka isa ba.
Ɗanbala ya ƙwanƙwasa taga:
shayi ya yi.