Rajistar 'Yan Saba'in da Takwas

Ruwa na dukan kwano a Agege tun la'asar,
an ɗauke wuta, janareton maƙwabci na ta tari.
Ni da fitilar caji da tabarau mai hannu ɗaya
muna haɗa labarin 'yan ajinmu na kwaleji,
don ni aka liƙa wa magatakarda,
shekara goma sha ɗaya, ba zaɓe, ba murabus.

Takardar da na raba gida uku gare ta:
sunanka, inda kake, abin da ka cim ma.

Sa'adu ya cika gidansa na uku, ya tsallaka bayan takarda.
Farfesa ne yanzu.
Shi da ke kwafar lissafina gindin darbejiya kafin ƙararrawa,
har kuskurena yakan kwashe, da gaskiya da amana.

Ladidi ta ajiye aikin asibiti a Idi-Araba bara.
Ta ce a dubu huɗu ta daina ƙirga jariran da ta tara wa hannu.
Uwar wani ta gane ta cikin mota a Oshodi,
ta biya mata kuɗin, ta ƙara da lemo uku.
Wannan ta ce in rubuta, in bar zancen lambar yabo.

Barau, gwanin tsallake katanga da dare,
ya gama da kwastan a Apapa:
gida biyu a Festac, gwiwa ɗaya ta ƙarfe.
Ya ce in sa gidajen, in rufa wa gwiwar asiri.

Tanimu na da tirela tara, albasa daga Aliero.
Hoton jikarsa ya aiko, da hular digiri a karkace,
shi yana gefe, yana dariya da haƙoran da suka rage.

Asabe ta shiga karatun lauya tana da sittin da biyu.
Yaran ajin na ce mata Kaka,
ranar jarrabawa kuma kowa na neman kujerar kusa da ita.

Takardu uku ban san inda zan aika ba:
Inuwa, Maikano, Kulu.
Lambar Inuwa na nan cikin wayata.
Wani dare na latsa,
mai sayar da taya a Ladipo ya ɗauka,
ya saurare ni har na gama, ya ce,
Baba, ban san shi ba, amma Allah ya jiƙansa.

Ta Haladu ce ta iso ƙarshe,
'yarsa ta kawo daga Mushin cikin leda, gefenta a jiƙe.
Haladu da ke rubuta allon sanarwa,
wanda shugaban makaranta kan tsaya ya kalli baƙaƙensa
kamar ɗinkin wuyan babbar riga.
Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, hagu ce ke riƙe biro.
Layi ɗaya ne, yana gangara kamar zai faɗo daga takardar:
Ranar Talata na ɓalla maɓallan rigata da kaina.

Na cire tabarau. Na mayar.
Ruwan bai tsagaita ba.

Tsarin baƙaƙe ya ce Asabe ce farko.
Ta yi haƙuri, lauya ce, ta kai ni ƙara.
Na sa Haladu a sama.

Saura tawa.
Shekara talatin da uku ina cin alli a firamare,
gidan haya, fansho mai zuwa in ya ga dama.
Gida na uku na kallona, ina kallonsa,
sai unguwa ta ɗauki ihu, an kawo wuta,
fanka ta watsa min takardun a ƙasa.

Na durƙusa ina tsince su ɗaya ɗaya, farfesa da mai albasa.

Ran Lahadi a Obalende, bayan an raba shinkafa,
zan miƙe in kira suna kamar yadda Malam Ɗahiru ke yi.
In na zo kan ukun nan
zan dakata daidai tsawon na'am,
sannan in wuce.