Gwaten Ngo Kangyang

Na iso Jos da la'asar sakaliya,
daga Damagaram, kwana biyu a gaban tirela,
da jaka ɗaya, da kilishi ƙunshe a takardar siminti
wanda Hadizatu ta cusa mini a bakin ƙofa
tana cewa, ba ka san abin da za su ba ka a can ba.

Dankali na zo saye, ba ci na zo yi ba.
Sai dai ciki ba ya jin wannan magana.

A masaukin baƙi, can wajen Taminus,
yaro ya miƙo mini takarda mai leda,
sunayen abinci a jere da boko,
kowanne da farashi kamar na tayar mota.
Na ɗora yatsa kan ɗaya, bisa sa'a.
Aka kawo jar shinkafa da cinyar kaza
wadda ta kwana arba'in a firji,
da cokali mai yatsu, naɗe kamar jinjiri.
Na ci, na biya, na juya kuɗin zuwa sefa,
na kwanta da yunwa da haushi, su biyu.

Da safe yayyafi, Farin Gada duk taɓo.
Kabeji tuli, karas da jar ƙasarsa a jiki,
sanyi yana shiga ta hannun riga kamar ya san hanya.
Dalyop, mai ɗinke mini bakin buhu,
ya dubi haɓata tana rawa, ya ajiye basilla:
Baƙo, zo ka karya, ciniki ba ya gudu.

Rumfar kwano ce, da benci mai ƙafa uku,
dutse ya tsaya a madadin ta huɗu.
Tukunya baƙa tana numfashi a kan murhu,
Ngo Kangyang tana juya ta da muciya,
hula a kanta ta ulu, zani biyu a ƙugu.

Na leƙa. Kore ne, da ja, da fari-fari.
Acca, in ji ta, da yakuwa, da gauta,
alayyahu na gonata, wake kaɗan,
ƙashi kuma don romo.
Na yi shiru a kan ƙashin. Ta gane.
Ta yi dariya har muciya ta tsaya:
Yankan Malam Sabi'u ne, ga rumfarsa can,
shekara ashirin mutanenku ke zama a bencin nan,
tambayar nan ta girmi autana.

Kunya ta fi kwanon zafi. Na karɓa.

Loma ta farko, tsami ya buɗe mini ido.
Ta biyu, ɗacin gauta ya zo ya gaishe ni.
Ta uku ban ƙirga ba,
gumi ne kawai na ji a ƙarƙashin rawani,
ni da ban yi gumi ba tun daga Zariya.
Direba daga Aba yana gefena yana hura nasa,
ba mu da harshe ɗaya sai na cikin baki,
ya turo mini barkono, na gyaɗa kai.

Na ce a ƙara. Ta ƙara, ta ɗora dankali biyu,
wai ka san ɗanɗanon abin da kake lodi.

Da zan tafi na kwance takardar siminti,
na ajiye mata kilishin Hadizatu, duka.
Ta gutsura, ta daɗe tana tauna,
ta ce, yajinku da faɗa yake shiga,
sai ta ɓoye sauran a haɓar zani.

Buhu tamanin na loda ranar Laraba.
A saman su akwai ƙullin acca mudu biyu
da yakuwa wadda za ta yi yaushi kafin Kano.
Ban san yadda zan fara gaya wa Hadizatu ba.